Ɗaki naka, ƙasa ta wani: Muhawarar kuɗin gurbi a zangunan Birtaniya

Duk shekara idan kakar hutu ta ƙare a Birtaniya, sanyi ya fara kankama, dubban iyalai kan sami takarda daga masu filayen da suka ajiye ɗakunansu na tafi-da-gidanka, ana sanar da su cewa kuɗin gurbi na baɗi ya ƙaru. Daga nan sai tsohuwar muhawara ta farfaɗo a jaridu da gidajen rediyo da majalisun tsofaffi: shin abin da ake biya ya yi daidai da abin da ake samu? Masu filaye na cewa tsadar rayuwa ta shafi kowa, su ma ba su tsira ba. Masu ɗakuna kuwa na cewa an ga ba su da wurin zuwa ne, shi ya sa ake yanka musu farashi yadda aka ga dama.

Mai karatu na iya cewa ina ruwanmu da rigimar Turawa a kan wurin shan iska. Dalilin da ya sa na ga ya dace mu dube ta shi ne, a ƙarƙashin maganar hutu akwai tambayar da ta shafi duk wanda ya taɓa ɗora dukiyarsa a kan ƙasar da ba tasa ba. Birtaniya ta shafe fiye da shekara 60 tana yin dokoki a kan wannan tambaya, kuma abin da ta gyara da abin da ta bari duk abin lura ne.

Mene ne ɗakin, mene ne gurbin?

Abin da Turawan Ingila ke kira karaban ɗaki ne mai ƙafafun mota, a cikinsa akwai gado da wurin girki da kewaye, ana ɗaura shi a bayan mota a ja. Kalmar ta samo asali ne daga harshen Farisa, inda take nufin ayarin fatake, don haka ba laifi idan muka kira filin da ake sauke waɗannan ɗakuna da sunan zango. Gurbi kuwa shi ne ɗan yankin da ake ware wa kowane ɗaki a cikin zangon, wani lokaci ciyawa ce, wani lokaci tsakuwa ko daɓen siminti.

Al'adar ta faro ne a matsayin nishaɗin masu hali. A shekarar 1885 wani tsohon likitan sojan ruwa ɗan Sikotland, William Gordon Stables, ya yi tafiya daga kudancin Ingila har zuwa Sikotland a cikin wani ɗaki da ya sa aka ƙera masa, dawaki na ja. A 1907 aka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa, wadda tun 2017 ake kira Caravan and Motorhome Club. Takwararta, Camping and Caravanning Club, ta girme ta, domin tushenta ya koma 1901. Dokar hutu da albashi ta 1938 da kuma yaɗuwar motoci bayan Yaƙin Duniya na Biyu su suka sauko da abin zuwa hannun ma'aikata da talakawa. Gaɓar tekun Lincolnshire, musamman kewayen Skegness da Ingoldmells, ta cika da ɗakuna jere-jere iya ganinka, yankin Hull kuma ya zama cibiyar ƙera su.

Da abin ya yi yawa, kowa na sauke ɗaki inda ya ga dama, sai majalisa ta yi dokar 1960 wadda ta wajabta wa mai zango ya nemi izinin amfani da fili da kuma lasisi daga ƙaramar hukuma. Wannan doka ta kawo tsari da tsabta, amma ta haifar da wani abu da ke da muhimmanci ga maganarmu: ta taƙaita yawan wuraren da aka halatta. Ɗakuna ana ƙera su kullum a masana'anta, gurbi kuwa sai da izinin hukuma, kuma izinin ba ya samuwa cikin sauƙi a bakin teku ko wuraren da ke da kyan gani. Duk wanda ke riƙe da zango mai lasisi yana riƙe da abin da ba shi da yawa a kasuwa.

Masu biyan kuɗin gurbi kashi uku ne, kuma kuskure ne a ba su amsa ɗaya. Akwai matafiyi da ke jan ɗakinsa ya kwana biyu ko mako guda ya wuce. Akwai wanda ya sayi babban ɗakin hutu da aka girke wuri ɗaya, yana biya shekara-shekara. Sai kuma wanda ɗakin ne gidansa na dindindin, ba shi da wani.

Matafiyi mai kwana ya wuce

Ƙorafin matafiyi sananne ne. Ya sayi ɗakinsa da kuɗi mai yawa, ya biya inshora, ya sha mai, ya zo da gadonsa da tukunyarsa, sannan a lokacin hutun makarantu a ce ya biya abin da ya kusa kuɗin ɗaki a ƙaramin otal, alhali shi fili kawai aka ba shi. Wasu zangunan kuma suna ƙara kuɗi a kan kowane mutum, da kare, da rumfar da ake kafawa a gefen ɗaki, da mota ta biyu. Wasu sun ɗauki tsarin kamfanonin jiragen sama, inda farashi ke hawa gwargwadon yawan masu nema.

Sai dai maganar fili kawai ba ta cika adalci ba. A bayan wannan ciyawa akwai bututun ruwan sha, da magudanar ruwan datti, da wurin zubar da bahaya, da bandakuna masu ruwan zafi da ake wankewa kullum, da wayoyin lantarki da aka binne zuwa kowane gurbi, da ma'aikatan da ke kwana a wurin. Ƙa'idar kashe gobara ta sa ana barin tazarar kimanin mita 6 tsakanin ɗaki da ɗaki, don haka mai zango ba zai cusa mutane yadda yake so ba. Gwamnati na karɓar harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari a kan gurbin hutu. Mafi ƙarancin albashi na babban ma'aikaci ya tashi daga fam 9.50 a awa a watan Afrilun 2022 zuwa fam 12.21 a Afrilun 2025. Kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabi bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ga shi ɗakunan zamani na da na'urar ɗumama ɗaki da firji da tukunyar lantarki. Ƙari a kan haka, kasuwar ta 'yan watanni ce. Abin da aka samu a lokacin zafi shi zai ɗauki nauyin watannin da zangon ke zaune babu kowa.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne matafiyi na da zaɓi. Dokar 1960 ɗin nan ta bar wata ƙofa: manomi ko mai fili na iya karɓar ɗakunan da ba su wuce biyar ba, ba tare da lasisin ƙaramar hukuma ba, muddin ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da aka amince da su ta ba shi takardar shaida. Irin waɗannan ƙananan wurare sun bazu ko'ina a karkara, yawancinsu famfo ne da wurin zubar da shara, wasu da wuta, kuma sun fi manyan zanguna sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda ke son wurin ninkaya da gidan rawa da filin wasan yara zai biya kuɗinsu, wanda kuma shiru kawai yake nema zai same shi da rahusa. Wanda ya tsallaka zuwa Faransa zai tarar da zangunan ƙananan hukumomi masu sassaucin farashi, abin da ke ƙara matsa wa na Birtaniya lamba.

Saboda haka a ganina matafiyi na samun abin da ya yi kusa da haƙƙin kuɗinsa. Idan an tsawwala masa yau, gobe zai ɗaura ɗakinsa ya yi gaba, mai zangon kuma ya san da haka. Wannan sanin shi ke riƙe farashi.

Wanda ya girke ɗaki wuri ɗaya

A nan ne maganar ta canza. Babban ɗakin hutu na da ƙafafu, amma ba a jan sa da mota a kan titi. Sai an kawo tirela ta musamman an ɗauke shi. Mai saye na biyan dubban fam, ya mallaki ɗakin, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta mai zango ce. Abin da ke hannunsa yarjejeniya ce ta izinin ajiya na wasu shekaru, galibi tsakanin 10 zuwa 20, wadda idan ta ƙare ana iya cewa ya sayi sabo ko ya kwashe tsohon. Ba a yarda ya mai da wurin gidansa na dindindin ba, kuma zanguna da yawa na rufewa na wasu makonni ko watanni a lokacin sanyi.

Bari mu yi lissafi na misali. Mu ƙaddara mutum ya sayi ɗaki a kan fam 40,000, da izinin shekara 15, kuɗin gurbi kuma fam 5,000 a shekara. Ko da ba a taɓa ƙara masa ko kwabo ba, kuɗin gurbin zai kai fam 75,000, jimla fam 115,000 ke nan, wato kusan fam 7,700 a kowace shekara, ban da inshora da gas da wuta da gyare-gyare. Idan iyalinsa na kwana 40 a wurin a shekara, kowane dare ya tashi a kan fam 190 da ɗoriya. Idan kuwa ɗan fansho ne da ke yin kwana 120, daren ya sauko zuwa kimanin fam 64, kuma ga iyali guda wannan ba tsada ba ce. Ashe daraja ta dogara ne ga yawan amfani, kuma mutane da yawa kan yi wa kansu alƙawarin zuwa duk ƙarshen mako ranar da suke sa hannu, sannan aiki da nisa da rashin lafiya su hana.

Amma ƙaddarawar cewa ba za a ƙara kuɗi ba mafarki ne. Ƙarin kashi 5 cikin ɗari duk shekara ya isa ya kai fam 5,000 zuwa kusan fam 10,000 a shekara ta 15. Babu wata doka ta musamman da ta ɗaure kuɗin gurbin hutu da ma'aunin hauhawar farashi. Abin da ke kare mai ɗaki shi ne abin da aka rubuta a yarjejeniyarsa, sai kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2015, wadda ta haramta sharuɗɗan zalunci, amma mutum ne zai ɗauki lauya ya je ya tabbatar da zaluncin.

To, idan ya gaji ya ce zai tashi fa? Zai biya kuɗin cire bututu da wayoyi, ya biya tirela, sannan ya nemi zangon da zai karɓi ɗakin da ba a wurinsa aka saya ba, kuma irin waɗannan ba su da yawa, domin sayar da ɗakuna na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin masu zango. Idan ya ce zai sayar a inda yake, mai zango na da la'adarsa, wadda sau da yawa takan kai kashi 15 cikin ɗari. Idan ya mayar wa mai zangon, farashin 'yan kasuwa za a ba shi, ɗaki kuwa darajarsa faɗuwa take yi kamar ta mota, tun daga ranar da aka miƙa makulli. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Masu manyan jari sun fahimci wannan tun da wuri. A ƙarshen 2016 kamfanin Onex na Kanada ya amince ya sayi Parkdean Resorts a kan fam biliyan 1.35. A 2021 Blackstone na Amurka ya sayi Bourne Leisure, uwar kamfanin Haven. A 2022 Sun Communities, shi ma na Amurka, ya kammala sayen Park Holidays a kan fam miliyan 950. Sayen kamfani ba laifi ba ne, kuma sababbin masu jari kan kashe kuɗi wajen gyara wurare. Sai dai ba a zuba irin wannan dukiya sai inda ake da tabbacin kuɗi zai riƙa shigowa duk shekara, tabbacin kuwa ya samo asali ne daga wahalar da mai ɗaki ke sha idan ya so fita. Lokacin annobar korona ya nuna hakan ƙarara. An rufe zanguna a watan Maris na 2020, ba a buɗe na Ingila ba sai 4 ga Yuli, kuma aka yi ta jayayya a kan ko ya halatta a karɓi cikakken kuɗin gurbin da aka hana mutum shiga. Wasu masu zango sun yi rangwame, wasu sun ce ai ɗakin na nan a kan filinsu, ana gadinsa ana yanke ciyawa.

Wanda ɗakin ne gidansa

Kashi na uku su ne mazauna na dindindin, waɗanda gwamnati ta daɗe tana ƙiyasta su a kan gidaje kimanin 85,000 a zanguna kusan 2,000 a Ingila. Yawancinsu tsofaffi ne da suka sayar da gidan bulo suka koma ƙaramin wuri don su rage ɗawainiya. Su doka ta fi kula da su. Dokar 1983, wadda aka ƙarfafa a 2013, ta ba su damar zama ba tare da wa'adi ba muddin suna cika sharuɗɗa. Ba a duba kuɗin gurbi sai sau ɗaya a shekara, da sanarwar kwana 28 a rubuce, kuma idan mazauni bai yarda ba, kotu ta musamman ce ke yanke hukunci. Hukumar makamashi ta Ofgem kuma ta hana mai zango ya sayar musu da wuta fiye da yadda ya saya.

Duk da haka an daɗe ana kai ruwa rana a kan ma'aunin da ake bi wajen ƙari. Birtaniya na da ma'aunai biyu na hauhawar farashi, RPI da CPI, kuma na farkon ya saba fin na biyun. A watan Oktoban 2022 RPI ya kai kashi 14.2 cikin ɗari, CPI kuma 11.1. Ga tsohuwar da ke biyan fam 200 a wata, bambancin ya kai fam 6.20 a wata, kimanin fam 74 a shekara. Ga mai albashi wannan ba wani abu ba ne, amma ƙarin bana a kansa ake ɗora na baɗi, kuma mai fansho ba shi da inda zai nemo cikon. Yankin Wales ya koma CPI tun 2014. Ingila ba ta bi sahu ba sai da ɗan majalisa Christopher Chope ya gabatar da ƙudurin da ya zama doka, ta fara aiki a ranar 2 ga Yulin 2023.

Abin da ya rage shi ne la'adar da mai zango ke karɓa, har zuwa kashi 10 cikin ɗari, duk lokacin da mazauni ya sayar da gidansa. Masu zango na cewa da wannan la'ada suke gyara hanyoyi da magudanai, idan an soke ta dole kuɗin wata ya tashi. Mazauna na cewa sun riga sun biya kuɗin gyara wata-wata, kuma gidan da suka kula da shi da kuɗinsu ne ya yi daraja. Hujjar masu zango na da ƙamshin gaskiya, amma za ta fi ƙarfi da a ce doka ta tilasta musu su buɗe littattafansu, kowane mazauni ya ga nawa aka tara, nawa aka kashe, a kan me. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ke kallon ramukan hanya shekara da shekaru yana da haƙƙin ya tambayi inda kuɗinsa ya shiga.

Ina mafita?

Idan aka jera kashi ukun nan, za a ga matafiyi kasuwa ce ke kare shi, mazauni na dindindin doka ce ke kare shi, ko da ba ta cika ba. Mai ɗakin hutu da aka girke shi ne ya faɗa tsakiya: ba shi da saurin tashi irin na matafiyi, ba shi da dokar mazauni. Shi ya sa mafi yawan kukan daga wajensa yake fitowa, kuma a ganina kukan nasa na da tushe. Ba ina cewa gwamnati ta ƙayyade farashin wurin hutu ba, domin hutu ba dole ba ne, kuma ƙayyade farashi na iya korar ƙananan masu zango na iyali waɗanda su ne suka fi sauƙin hulɗa. Abin da ya kamata shi ne a wajabta rubuta ma'aunin ƙari a fili kafin a sa hannu, a nuna wa mai saye jimlar abin da zai kashe a tsawon wa'adin izininsa da abin da ɗakin zai koma bayan shekara biyar ko goma, a kuma samar da wurin kai ƙara mai sauƙi wanda ba sai an ɗauki lauya ba. Mai zangon da ke da gaskiya ba abin da zai rasa a nan.

Maganar ta taɓa mu ta fuska biyu. Ta farko, 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikatan lafiya da ke Birtaniya, waɗanda tsadar haya ta gallaba, na iya ganin tallan ɗaki mai dakuna biyu a farashin da bai kai na mota mai kyau ba, su ɗauka sun tsinci dami a kala. Su sani cewa idan lasisin zangon na hutu ne, zama na dindindin a cikinsa saɓa ƙa'ida ne, kuma masu zango kan nemi shaidar cewa mutum na da wani adireshi na ainihi. Ta biyu kuwa a gida take. Ɗan kasuwar da ya gina shago da kuɗinsa a filin hukuma, da mai kwantenar da ya dasa a bakin filin wani, da wanda ya yi gini a fegin aro bisa alƙawarin baka, duk matsayinsu ɗaya da mai ɗakin hutu na Skegness. Ranar da aka ƙara musu kuɗin ƙasa, ko aka ce su tashi, ba su da abin riƙewa sai abin da aka rubuta tun farko, idan ma an rubuta.

Don haka kafin mutum ya tambayi nawa ne kuɗin bana, ya fara tambayar wa ke da ikon ƙarawa, da wane ma'auni, kuma nawa zai ci shi idan ya so fita. Amsar waɗannan ita ke nuna ko farashin da aka faɗa masa araha ne ko tarko, kuma lokacin nemanta shi ne kafin kuɗi ya bar hannu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya sa mu dace.